Daga Magajiya Zuwa Lauya: Tarihin Mai Tsaya wa Matar da Ta Bar Gida a Kaduna

I. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun wani aiki wanda bai daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa ba, watau aikin lauyan da ke tsaya wa mata masu zaman kansu da waɗanda aka yi safararsu, musamman in maganarsu ta haɗa da ƙetare iyaka da takardun shige da fice. An ɗauki Kaduna ta arewacin kogi a kan misali, domin a nan aka zauna aka tsara dokar da ta fi daɗewa tana aiki a kansu, a nan kuma hanyoyin Kudu ke haɗuwa kafin su miƙe Zariya da Kano da bakin iyaka.

Abin da takardar ke son nunawa guda ne. Tun daga 1901, duk sa'ad da irin wannan mace ta gurfana gaban hukuma, sunan da aka kira ta da shi shi ke yanke mata hukunci tun ba a ji ta bakinta ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. In an ce baiwa ce, sai a nema mata mai fansa; in an ce karuwa ce, sai a kore ta; in an ce baƙuwa ce, sai a kai ta iyaka; in kuwa an ce safararta aka yi, sai a ba ta mafaka. Saboda haka tarihin mai tsaya mata tarihin gardama ne a kan kalmomi, ya kuwa shafi malamin Hausa kamar yadda ya shafi masanin shari'a.

II. Kalmomin Kansu

Ya kamata mu fara da kalmar karuwa, gama ma'anarta a bakin mutanen da ta fi faɗin wadda doka ta ba ta. A al'adar Hausawa mace baliga ko dai tana ɗakin miji, ko tana jawarci a gidan iyayenta ko na danginta. Wadda ta fita daga waɗannan biyu, ta tafi wani gari ta kama ɗaki ba miji ba waliyyi, ita a ke cewa tana zaman kanta, sau da yawa kuma a kira ta karuwa ko da tuwo ta ke sayarwa. Masu bincike sun tabbatar da haka a wurare dabam-dabam. Mary Smith ta rubuta shi daga bakin Baba ta Karo ta ƙasar Zazzau cikin 1954, Abner Cohen ya gan shi a Sabo ta Badun a littafinsa na 1969, Renée Pittin kuma ta bi shi gida gida a birnin Katsina a farkon shekarun 1970. Dukansu sun nuna cewa mata da yawa su kan shiga wannan zama su fita, su yi aure, in auren ya mutu su koma. Ashe kalmar tana nuna matsayin mace a tsakanin dangi ne kafin ta nuna sana'a.

Zuwan Turawa ya ƙaro wasu kalmomi. Bariki asalinta mazaunin soja ne, sa'an nan ta zama unguwar ma'aikatan Gwamnati, daga baya ta haifi barikanci da ɗan bariki da 'yar bariki. Kilaki ta samo asali daga sunan da Turawa ke kiran akawu, ta koma sunan macen zamani da ke hulɗa da masu albashi. Safara kuwa Balarabiya ce, asalinta tafiya, Hausawa suka mai da ita ɗaukar kaya kamar hatsi daga inda ya ke da araha zuwa inda ya ke da tsada. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce ne aka riƙa haɗa ta da mutane a ce safarar mutane, haɗin kuwa ya dace, don ya fito da ainihin laifin, watau mai da ɗan Adam haja. Ita ma lauya baƙuwa ce daga Turanci. Wanda Bahaushe ya sani a zauren alƙali wakili ne, shi kuwa wakili ɗan'uwa ne ko amini da mai ƙara ya ɗora a kan maganarsa, ba mai sana'ar shari'a ba.

III. Zamanin Fansa, 1901 Zuwa 1936

Dokar bayi da Gwamna Lugga ya yi cikin 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma fa ba ta hana mallakar bayin da ke hannu ba. Sai cikin 1936 aka yi dokar da ta 'yanta kowa a Jihar Arewa. A tsakanin nan, hanyar da aka buɗe wa bawa ita ce murgu da fansa a gaban alƙali, a ba shi takardar 'yanci.

Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, waɗanda suka bi takardun wannan zamani a littafinsu na 1993, sun nuna cewa mata sun fi maza yawa cikin waɗanda aka 'yanta, sun kuma nuna cewa da yawa daga cikinsu maza ne suka biya kuɗin fansarsu don su aure su ko su sa su ɗaka. Ta haka cinikin da aka hana a kasuwa ya sami ƙofa a kotu da sunan fansa. Turawan mulki kuwa tsoronsu shi ne kada bayi mata su gudu daga iyayengijinsu su taru a gefen barikin soja. Don haka ba su cika yarda a saki mace ita kaɗai ba, sai a hannun miji ko mai riƙo. Yara da matan da aka ƙwato daga fatake aka riƙa ajiye su a gidajen 'yantattun bayi na Zungeru da na Barno, daga baya aka miƙa aikin ga 'yan mishan a Rumasha, bakin Binuwai.

A wannan zamani babu wanda aikinsa ne ya yi magana da yawun macen. Alƙali yana duba haƙƙin ubangiji da na mai fansa, Razdan yana duba zaman lafiyar lardinsa. Dabarar da aka kafa a lokacin, watau a raba mace da mai cutarta a danƙa ta ga wani mai iko da ita, ta daɗe ƙwarai bayan bautar kanta ta ƙare.

IV. Kaduna Garin Bariki

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Ƙasar Gwari ce a ƙarƙashin Sarkin Zazzau, hanyar jirgi ta Baro zuwa Kano ta ratsa ta cikin 1911, aka kawo soja, sa'an nan cikin 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Kusan kowa a garin baƙo ne: soja, da leburan reluwe, da akawuna, da masinjoji, da kuku da boyi. Yawancinsu maza ne da suka baro iyali a gida. Mata suka biyo baya daga ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina da Barno da ƙasar Faransi, waɗansu da aure, waɗansu sun gudo daga auren da ba su so, suka kama sayar da abinci da wanki da zaman kai a Sabon Gari da Tudun Wada da sauran unguwannin da suka tsiro a gefen bariki.

Wadda ta tsaya wa irin waɗannan mata a garuruwan Hausa ita ce Magajiya. Ita ke saukar baƙuwa, ta raba faɗa, ta tara haraji, ta je gaban mai unguwa ko hakimi in an kama wata. A wurare da yawa ita ce kuma uwar 'yan bori. Har a cikin barikin soja sunan ya shiga, inda shugabar matan soja ta ke amsa shi har yau. Ikon Magajiya na sulhu ne da roƙo, ƙarfinsa kuwa ya dogara ga yardar sarakuna. Ran da ruwan sama ya ƙi sauka, ko wata annoba ta faɗo, a kan yi shela cewa mata marasa aure su yi aure cikin 'yan kwanaki ko su bar gari. Pittin ta ba da labarin irin wannan kora a Katsina. A irin wannan rana Magajiya ba ta da kotun da za ta kai kuka, ita ma cikin waɗanda a ke kora ta ke.

Cikin shekarun 1950 jam'iyyun NPC da NEPU duka sun jawo matan gidajen Magajiya cikin rassansu na mata, don su ne ba kulle ya hana su fita taro. Duk da haka matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai cikin 1976. Wannan abin lura ne ga sashen da ke biye.

V. Kundin 1959 da Shigowar Lauya

Cikin 1956 aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita yankin hedkwata mai cin gashin kansa. Cikin 1958 Gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, don su duba tsarin kotunan Arewa. Shawararsu ce ta haifi Kundin Laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka yi a kan samfurin na Sudan, Majalisa ta amince da shi a zauren Lugga cikin 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960.

Kundin ya kalli macen da fuska biyu. Daga sashe na 275 zuwa na 281 ya ɗauke ta a kan wadda a ke cuta: ya hana yaudarar yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba zuwa lalata, da shigo da wadda ba ta kai 21 ba daga wata ƙasa don haka, da sayen ƙaramin yaro ko sayar da shi, da cinikin bayi, da aikin tilas, da fataucin mata. A sashe na 405 kuwa ya sa karuwar da ke tallar kanta a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza da a ke hukuntawa. Mace guda tana iya faɗawa ƙarƙashin sassan biyu a dare guda, zaɓin kuwa yana hannun ɗan sandan da ya rubuta takardar tuhuma. Majalisar da ta yi wannan doka babu mace ko ɗaya da ta zaɓe ta.

Lauya fa? A lokacin doka ta hana shi tsayawa a kotunan En'e, inda nan ne talaka ke zuwa. Ga shi kuma lauyoyin ba su da yawa. Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, cikin 1955 ya sami shaidarsa. Mace ta farko, Aloma Mariam Mukhtar, ta sami tata a Ingila cikin 1966, ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa cikin 1967, ita ce kuma ta zama Babbar Jojin Nijeriya cikin 2012. Cikin 1976 aka kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, ko da ya ke da farko manyan laifuffuka kaɗai ta ke ɗauka. Tsarin Mulki na 1979 ya ba duk wanda a ke tuhuma ikon ɗaukar lauyan da ya ga dama, kotuna kuma suka yanke cewa tsohon hanin ya faɗi. Daga nan ne ƙofar ta buɗe.

VI. Iyaka da Takarda

Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, Ingila da Faransa suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Shekaru da yawa ba ta hana kowa wucewa ba. Inda takarda ta fara cin mutane shi ne hanyar Makka ta ƙasa, wadda ta bi ta Barno da Cadi da Sudan zuwa gaɓar Bahar Maliya. A kan wannan hanya an sayar da yara da mata na Takari a Hijaz. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta ba wakilin Ingila a can ikon 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, ya riƙe ikon har 1936, Saudiyya kuwa ta soke bauta cikin 1962.

A gida, an raba aikin shige da fice daga na 'yan sanda cikin 1958, aka yi masa doka cikin 1963. Wannan doka ta lissafa karuwa da mai gidan karuwai cikin baƙin da aka haramta wa shiga ƙasa. Yanzu sunan ya sami sabon nauyi, don yana iya fitar da mace daga ƙasar ɗungum. Kora ta jimla kuma ta zo. Gana ta kori baƙi cikin 1969, Hausawan zango da yawa a cikinsu. Nijeriya ta yi nata cikin Janairu 1983, mutane fiye da miliyan 1 suka fita, alhali yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin shiga ba biza har kwana 90.

Shari'ar da ta nuna amfanin lauya a wannan fage ta namiji ce, ɗan siyasa. Cikin Janairu 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Cadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan Nijeriya ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cikin 1982. Abin da ya cece shi shaidar asalin mahaifiyarsa ce. To, in babban mutum sai da shaidu da lauyoyi ya tabbatar da ƙasarsa, ina ga yarinyar da ba ta da takardar haihuwa?

VII. Sabon Suna, Daga 2000

Cikin 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar Falarmo, Nijeriya ta amince da ita cikin 2001. Ita ce ta ba safarar mutane iyaka da sharuɗɗa uku: aikin ɗauka ko kaiwa ko ajiyewa, hanyar tilas ko yaudara, da nufin ci da gumin mutum. In an yi yaudara, yardar macen ba hujja ba ce. In ba ta kai shekara 18 ba, ba a ma neman shaidar yaudara. Cikin 2003 Nijeriya ta yi doka ta kafa hukumar NAPTIP, aka gyara dokar cikin 2005, aka sake ta cikin 2015. Dokar 2015 ta tanadi cewa, in hali ya nuna haka, kada a tsare ko a gurfanar da wadda aka yi safararta saboda rashin takardun tafiya ko riƙe na jabu, kada kuma a hana ta izinin zama na wucin gadi muddin shari'arta na gudana, tana kuma da ikon neman diyya. Jihar Kaduna ta sake nata Kundin Laifuffuka cikin 2017.

Shari'u biyu na Kotun ECOWAS sun nuna yadda gardamar suna ta kai ga alƙalan ƙasa da ƙasa. Hadijatu Mani, ta yankin Birnin Ƙonni, an sayar da ita cikin 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, watau sa-ɗaka. Da aka ba ta takardar 'yanci cikin 2005 ta auri wanda ta ke so, sai tsohon ubangijinta ya ce matarsa ce, aka yanke mata ɗaurin wata shida a kan aure bisa aure. Ran 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce bauta aka yi, ta umarci Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Cikin Oktoba 2017 kuma, a ƙarar Dorothy Njemanze da wasu mata, kotun ta ce kama mata a titunan Abuja da laƙaba masu sunan karuwai keta mutuncinsu ne, ta sa a biya uku daga cikinsu Naira miliyan 6 kowace. A ta farko lauyoyi sun cire sunan matar aure sun tabbatar da na baiwa, a ta biyu sun cire na karuwa.

VIII. Aikin Lauyan da Rabon Masanin Harshe

A ɗauka an tare mota a tashar Kawo, ƙofar Kaduna ta arewa, an sauke yarinya ba takarda, tana kan hanyar Kano da Agadas ko kuwa ta fito daga can. Tambayoyin da lauyanta zai fara warwarewa huɗu ne. Shekarunta nawa? 'Yar wace ƙasa ce? Kuɗi ta biya a ƙetarar da ita, watau fasa-ƙwauri, ko kuwa yaudararta aka yi don a ci da guminta? Bashin da a ke bin ta, na mota da na masauki da na biza, wa ya yanka shi, yaushe kuma zai ƙare? Wannan bashi jikan murgu ne, sai dai murgu yana da adadin da alƙali ya sani. Bayan haka sai neman beli, da mafaka, da diyya, da tabbatar da cewa in za a mai da ita gida, ba hannun wanda ya miƙa ta za a mai da ita ba.

Kowace amsa ta bakin tafinta ta ke bi. Yarinyar da ta ce ta yarda, mai yiwuwa nufinta ba ta yi wa iyayenta musu ba, a rubuta da Turanci cewa da son ranta ta tafi. Wadda ta ce uwar ɗakinta ce ta kawo ta, a rubuta mahaifiya ko uwargijiya, alhali kowace fassara da hukuncinta. Kunya ta kan hana ta faɗin abin da aka yi mata da sunansa, sai ta ce an ɓata ta ko an neme ta. Wajen gane ƙasa kuma a kan dogara ga karin harshe, a ce mai cewa lakwal 'yar Nijar ce, mai cewa makaranta 'yar Nijeriya. Wannan awo ne mai rauni, gama Katsinanci bai tsaya a Jibiya ba, 'yar Maraɗi da ta girma a Unguwar Shanu kuma Hausar Kaduna za ta yi. Hukumomin ba da mafaka na Turai suna amfani da irin wannan awo, shi ya sa cikin 2004 waɗansu masana harshe suka fitar da ƙa'idoji, suka yi gargaɗi cewa harshe yana nuna inda mutum ya tashi ne, ba ya nuna ƙasar da doka ta ba shi.

IX. Kammalawa

Mun ga masu tsayawa uku a jere: mai fansa, wanda ya biya don kansa, Magajiya, wadda ta san matan amma ba ta da tsayawa a kotu, da lauya, wanda ke da tsayawa a kotu amma sau da yawa sai ta bakin tafinta ya ke jin wadda ya ke karewa. Aikin da ya rage wa sassan Hausa da kwalejojin horon malamai iri biyu ne. Na farko, a zauna da masana shari'a a daidaita kalmomin wannan fage, a bambanta yarda da biyayya, a bambanta safara da fasa-ƙwauri, a kuma horar da tafintoci mata. Na biyu, a shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa cikin 1970 a tsohon gidan Sardauna, a bi rajistocin fansa da rahotannin larduna, sa'an nan a ɗauki maganar tsofaffin Magajiyoyi tun suna da rai. A cikin takardun nan an rubuta abin da hukuma ta kira matan. Abin da su suka kira kansu kuwa, sai an je an tambaya.